Sana'o'in Hannu da Kuɗin da Muka Bar wa Baƙi

Kowace shekara matasa kusan miliyan biyu ne suke rubuta jarrabawar JAMB a Nijeriya, alhali guraben da jami'o'inmu suke da su ba sa ɗaukar ko da rabin wannan adadi. Waɗanda ba su samu gurbi ba sukan koma gida su jira baɗi, wasu su maimaita sau uku ko sau huɗu, har ƙannensu su tarar da su a layi. Waɗanda suka samu kuwa, karatun da aka ce na shekara huɗu ne yakan kai biyar ko shida, domin yajin aikin malaman jami'a na 2022 kaɗai ya cinye wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Bayan an kammala sai a tafi bautar ƙasa ana karɓar alawus na Naira 77,000 a wata, daga nan kuma a shiga yawon kai takardu ofisoshi, yawon da sau da yawa yakan ƙare a wata makarantar kuɗi ta cikin unguwa, inda albashin malami bai kai mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000 da gwamnatin tarayya ta sa wa hannu a watan Yulin 2024 ba.

Ban kawo wannan lissafi don in rage wa jami'a daraja ba. Likita da lauya da injiniyan da zai zana gada dole ne su bi ta can, kuma Arewa tana buƙatar irinsu fiye da adadin da take da shi a yau. Abin da yake damuna shi ne yadda muka mayar da kwalin digiri ƙofa ɗaya tilo ta zama mutum, har ta kai uba zai iya sayar da gona ya biya wa ɗansa kuɗin jami'a, amma idan aka ba shi shawarar ya kashe wani ɗan kaso na wannan kuɗi ya kai yaron koyon wayarin ko walda a wajen ƙwararre, sai ya ji kamar an ce ya fitar da rai daga yaron ne. Ra'ayina shi ne akwai sana'o'in da suke kawo kuɗi mai kauri ba tare da digiri ba, kuma suna nan a cikin garuruwanmu, sai dai kuɗin ba ya zuwa ga kowa sai wanda ya koyi sana'ar har ƙarshenta. Wanda ya tsaya a rabin hanya, wahalar sana'ar kawai yake kwasa, ribar kuma ta tafi wajen wani.

Duk wanda ya taɓa yin gini a Kano ko Kaduna ko Abuja ya san cewa idan aka zo kan aikin ƙarshe, wato sa tayil da silin POP da gyaran bango kafin fenti, sai a ji mai gida ko ɗan kwangila yana cewa a nemo masa 'yan Kwatano ko 'yan Togo. Waɗannan bayin Allah sukan baro ƙasashensu su kwana a cikin kangon da suke aiki, su gama su karɓi haƙƙinsu, kafin su tashi kuma an riga an kama musu wani aikin a gidan maƙwabci. Ba don sun fi araha ake neman su ba, hasali ma sau da yawa kuɗinsu ya fi na ɗan gida. Ana neman su ne saboda a can yaro yakan yi shekara uku ko fiye a ƙarƙashin maigida kafin a yaye shi a gaban jama'a, kuma ba ya kiran kansa mai sana'a kafin wannan rana.

Aikin tayil da awo ake biyan sa, wato murabba'in mita. Ɗakin da yake mita huɗu tsawo da mita huɗu faɗi murabba'in mita 16 ne, saboda haka gida mai ɗakuna huɗu da falo biyu da kicin da banɗakuna, idan aka haɗa da bangon da ake liƙa wa tayil, yakan kai ɗaruruwan mitoci. Ƙwararre da yaransa biyu suna iya gama irin wannan gida cikin 'yan makonni, kuma kuɗin aikin da zai karɓa ya ninka albashin wata na ƙaramin ma'aikacin gwamnati sau da yawa. Abin da ya raba shi da ɗan koyo ba ƙarfi ba ne. Ya san yadda zai daidaita ƙasa da ma'aunin ruwa kafin ya ɗora tayil na farko, ya san yadda zai karkatar da daɓen banɗaki kaɗan domin ruwa ya gangara magudana maimakon ya kwanta a bakin ƙofa, ya san yadda zai cika ƙarƙashin kowane tayil da siminti ta yadda idan aka ƙwanƙwasa ba za a ji ƙarar rami ba, kuma ya san daga inda zai fara jeri domin yankakken tayil ya faɗa lungun da ido ba ya zuwa. Mai gidan da ya sayi tayil na miliyoyin Naira ba zai miƙa shi ga wanda zai farfasa masa kwali goma wajen yanka ba, ko da kuwa ɗan ɗakinsu ne.

Abin takaicin shi ne mu ba baƙin sana'a ba ne. Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, da ya shigo Kano a 1851, abin da ya fi jan hankalinsa shi ne saƙa da rini da jima, da yadda tufafin Kano suke kaiwa har Timbuktu da Tarabulus. Karofin Ƙofar Mata yana nan har gobe, kuma sunayen unguwanni irin su Soron Ɗinki da Dukawa shaida ne cewa birnin a kan aikin hannu ya ginu. A Zariya, Muhammadu Durugu, wanda aka fi sani da Babban Gwani, shi ya gina masallacin Juma'a a ƙarni na 19, ginin da masana zane-zanen gine-gine suke zuwa nazarinsa har yanzu. Addininmu ma bai bar mu a duhu ba, domin ya tabbata a hadisi cewa babu abincin da ya fi wanda mutum ya ci daga aikin hannunsa, kuma Annabi Dawuda, amincin Allah ya tabbata a gare shi, daga aikin hannunsa yake ci.

To, daga ina raini ya shigo? Wani ɓangare tsoho ne, domin tun asali akwai sana'o'in gado, kamar fawa da wanzanci da ƙira, waɗanda wasu gidaje suke ɗaga wa hanci idan maganar aure ta taso. Amma babban ɓangaren ya zo ne tare da boko. A shekarun farko bayan samun 'yancin kai, wanda ya gama sakandare ko kwalejin horon malamai aiki ne yake jiran sa, wanda ya gama jami'a kuwa har da gida da bashin mota. Iyayenmu sun ga wannan da idanunsu, sai hoton ya zauna musu a zuciya, suka gadar mana da shi, alhali yanayin da ya haifar da shi ya daɗe da wucewa. Gwamnati ta yi yunƙurin gyara a farkon shekarun 1980 da tsarin 6-3-3-4, wanda manufarsa ita ce yaro ya taɓa aikin katako da ƙarfe da lantarki tun a ƙaramar sakandare, aka shigo da injina daga ƙasashen waje, amma a makarantu da yawa suka ruɓe a cikin akwatunansu saboda babu wuta, babu ɗakin aiki, babu malamin da ya iya sarrafa su. Daga baya masaƙun Kakuri a Kaduna da masana'antu da dama na Bompai da Sharaɗa da Challawa a Kano suka durƙushe, tare da su kuma aka rasa wuraren da suke horar da masu gyaran injin da masu lantarkin masana'antu. Har yau idan saurayi ya je neman aure aka tambayi abin da yake yi, amsar cewa ma'aikaci ne a sakatariya ta fi kwantar wa waliyyi da hankali a kan amsar cewa mai gyaran famfo ne, ko da mai gyaran famfon ne yake ba ma'aikacin rance kafin ƙarshen wata.

Sana'ar da na fi ganin ƙofarta a buɗe a yanzu ita ce haɗa wutar sola. Dalilan a bayyane suke. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, litar da ake saye ƙasa da Naira 200 ta haura Naira 1,000 kafin ƙarshen 2024, sai janareta ya gagari mai shago da magidanci. A watan Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin wuta ga 'yan rukunin A, wato masu samun wuta awanni mafi yawa a rana, zuwa Naira 225 kowane yunit. A watan Oktoban wannan shekarar kuma yawancin jihohin Arewa suka kwashe fiye da mako guda cikin duhu sakamakon lalacewar manyan layukan da suke kawo wuta. Waɗannan abubuwa sun tura masu kemis da masu sayar da ruwan sanyi da masallatai da makarantu da asibitoci masu zaman kansu zuwa ga sola, haka ma manoman rani na Kura da Kadawa da kwarin Haɗeja, waɗanda suka gano cewa famfon ban ruwa mai aiki da rana ya fi musu injin da yake shan fetur kullum. Rana kuwa Allah ya hore mana ita fiye da kudancin ƙasar.

Sai dai a nan ne bambancin mai rabin sani da ƙwararre ya fi fitowa fili, domin aikin sola lissafi ne kafin ya zama hawa rufi. Ƙwararre yakan fara da zama da mai gida ya rubuta duk abin da ake son kunnawa, da ƙarfin wutar da kowanne yake ja, da awannin da zai yi yana aiki, sannan ya fitar da girman inbata da yawan batir da yawan faranti. Batir mai ruwa na bolt 12 da amfiya 200 yana ɗauke da wat 2,400 a lissafin awa, amma wanda ya san aikinsa ya san kusan rabin wannan kawai ya kamata a riƙa ja, in ba haka ba batirin da ya kamata ya yi shekaru zai mutu cikin watanni. Ya san batirin litiyam ya fi tsada a ranar saye amma ya fi juriya, kuma zai iya yi wa mai gida bayanin wanda ya dace da aljihunsa. Ya san firji da famfon rijiyar burtsatse suna fizgar wuta mai yawa a lokacin tashi, saboda haka ba a auna inbata da abin da aka rubuta a jikinsu kawai. Ya san wayar da take tsakanin batir da inbata dole ta yi kauri, domin siririyar waya zafi take ɗauka, kuma daga nan gobara take tashi. Ya san a ƙasarmu kudu faranti yake fuskanta da ɗan karkata, kuma zai gaya wa mai gida cewa ƙurar hunturu tana rage ƙarfin faranti idan ba a goge shi. Na ga gidajen da aka kashe kuɗi masu yawa amma wutar ba ta kai tsakar dare, saboda wanda ya haɗa ya koyi ɗaura waya ne kawai bai koyi lissafi ba. Irin wannan aiki ɗaya yake yi a unguwa a daina kiran sa. Wanda ya iya kuwa yana cin riba ta fuska uku, wato kuɗin aiki, da ɗan abin da dila yake ba shi idan ya kawo mai saye, da kuɗin kula da kayan a kai a kai. Babu ɗaya daga cikin abubuwan da na lissafa da yake buƙatar digiri, amma dukkansu suna buƙatar yaron da ya gama sakandare yana iya ninkawa da rabawa, yana kuma iya karanta takardar da take zuwa a cikin kwalin kaya.

Walda ma haka take, sai dai tazarar da take tsakanin matakanta ta fi faɗi. Mai waldar bakin titi da yake yin ƙofa da taga da gadon ƙarfe yana samun abin rufin asiri, musamman idan yana da wutar aiki. Amma akwai wani mataki can sama, wato waldar bututun mai da iskar gas, inda ake gwada mutum a kan bututun da aka kafe a karkace ba ya juyawa, gwajin da ake kira 6G, sannan a haska ɗinkin da na'urar ɗaukar hoton cikin ƙarfe a ga ko akwai kumfa ko tsaga. Wanda ya ci wannan gwaji, ya kuma iya waldar da ake yi da iskar agon, kamfanoni ne suke neman sa, kuma ana biyan sa abin da masu digiri da yawa ba sa gani. Bututun gas na AKK da aka ƙaddamar da aikinsa a watan Yunin 2020 kilomita 614 ne daga Ajakuta zuwa Kano ta Abuja da Kaduna, kuma kowace gaɓa tasa sai an yi mata irin wannan walda. Lokacin gina matatar man Ɗangote a Legas, mai tace ganga 650,000 a rana, sai da aka shigo da dubban ƙwararrun ma'aikata daga Indiya da wasu ƙasashe. Tambayar da nake yi wa kaina ita ce yara nawa daga Zariya ko Tamburawa aka shirya domin su ci gwajin 6G kafin bututu ya iso ƙofar gidansu.

Sauran sana'o'in ba sai na tsawaita ba. Motocin yanzu kwamfuta ce take tafiyar da su, saboda haka makanikin da ya mallaki na'urar gano matsala, ya kuma iya fassara abin da ta nuna masa, ya wuce wanda yake canza kaya ɗaya bayan ɗaya da fatan dacewa, kuma shirin mayar da motoci masu amfani da iskar gas ta CNG ya buɗe wani sabon fage. Cibiyar horarwa ta kamfanin Peugeot da ke Kaduna ta daɗe tana koyar da gyaran mota na zamani. Mai gyaran firji da na'urar sanyaya ɗaki ba ya hutawa daga Maris zuwa saukar damina. A kasuwar waya ta Farm Centre da titin Beirut a Kano, mai canza gilashi daban, mai iya gyaran allon cikin waya a ƙarƙashin madubin ƙara girma daban, kuma kuɗinsu ba ɗaya ba ne. Direban katafila da na injin ɗaga kaya suna da daraja a wajen kamfanonin da suke aikin hanya da layin dogo na Kano zuwa Maraɗi. Ga wanda iyayensa suke da hali, Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, tana ɗaukar mai sakamakon sakandare mai kyau ta horar da shi tuƙi ko gyaran jirgi, ko da yake kuɗin karatun ba na kowa ba ne.

'Ya'yanmu mata ma suna da rabo a nan, kuma ina ganin ba a yi musu adalci idan aka taƙaita maganar sana'arsu ga saƙa hula da yin sabulu na kwana uku a taron ƙungiya. Telar da ta iya yanka da ɗinkin kayan amare, da mai lalle da kwalliyar biki, da mai girkin taro, da mai haɗa turaren wuta da humra, da yawansu daga cikin gida suke aiki, wayar hannu ce shagonsu, kuma suna ɗaukar ma'aikata. Sama da wannan akwai aikin jinya da unguwarzoma, waɗanda ake koyo a kwalejojin jinya ba tare da shiga jami'a ba, a fito da lasisin hukumar ma'aikatan jinya ta ƙasa. A yankin da mata da yawa ba sa son namiji ya karɓi haihuwarsu, kuma asibitocin karkara suke kukan rashin ma'aikata mata, yarinyar da take riƙe da wannan lasisi ba za ta daɗe tana neman aiki ba.

Akwai batun takardar shaida, wanda masu sana'armu suke yi wa riƙon sakainar kashi, kuma yana jawo musu asara mai yawa. Rashin digiri ba ya nufin rashin takarda. Ma'aikatar Ƙwadago ta tarayya tana yin gwajin sana'a mai mataki uku, daga na uku zuwa na ɗaya. Hukumar NABTEB, wadda aka kafa a 1992, tana shirya jarrabawar kwalejojin fasaha. Asusun horar da ma'aikata na ITF, wanda aka kafa a 1971, mai hedikwata a Jos, yana da cibiyoyin koyarwa a jihohi. Hukumar kula da ilimin fasaha ta NBTE da ke Kaduna tana da tsarin da ake auna abin da mutum ya riga ya iya a bakin aiki a ba shi shaida gwargwadon matakinsa, ko da bai taɓa zama a aji ba, kuma an yi irin wannan da masu sana'a na kasuwar Panteka tare da haɗin gwiwar Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna. A Kano akwai cibiyar koyon sana'o'i ta Aliko Ɗangote a kan titin Zariya. Amfanin takardar shi ne ita take fitar da mai sana'a daga aikin unguwa zuwa aikin kamfani. Kamfanin gine-gine ko asibiti ko ƙungiyar agaji ba za su ba mutum kwangilar wayarin ba don kawai an ce ya iya, sai sun ga shaida da rajistar kasuwanci da asusun banki. Haka nan wanda ya fita Saudiyya ko Dubai ko Aljeriya ba tare da takarda ba, a matsayin lebura ake ɗaukar sa, ko da hannunsa ya fi na wanda aka ɗora a kansa.

Ba zan ɓoye wahalar da take cikin wannan hanya ba, domin wanda zai tura ɗansa ya kamata ya san abin da yake tura shi a kai. Mai sana'a ba shi da fansho, ba shi da hutun rashin lafiya, ranar da ya kwanta ranar kuɗi ya tsaya. Aikin gini yana tafiya da farashin siminti da rodi, idan suka tashi sai masu gini su dakata, magina da kafintoci su zauna. Mai waldar da yake aiki da tabarau na kasuwa maimakon gilashin kariya idanunsa yake sayarwa a hankali, mai sola da mai wayarin kuma suna tsakanin faɗowa daga rufi da jan wuta. Ga kuma masu cin haƙƙi, waɗanda za a gama musu aiki su riƙa cewa a dawo gobe. Saboda haka samun kuɗi a hannu bai isa ba, sai an haɗa da iya ajiya, da rubuta yarjejeniya kafin a fara aiki, da karɓar wani kaso a gaba, da mallakar fili ko shago tun ƙarfi bai ƙare ba.

Wani abin da yake karya masu sana'armu, wanda kuma ya fi ƙarancin ƙwarewa illa, shi ne saɓa alkawari. Telan da ya karɓi ɗinkin Sallah fiye da abin da zai iya gamawa, da makanikin da ya karɓi kuɗin sabon kaya ya sa tsoho, da kafintan da ya ci kuɗin katako ya kashe waya, su ne suka sa jama'a suke yi wa sana'ar baki ɗaya kallon rashin amana. Na tabbata wani ɓangare na abin da ake saye a wajen baƙin nan masu tayil shi ne zuwa aiki a kan lokaci da gamawa ranar da aka ce. Matashin da ya riƙe wannan kaɗai, ko da hannunsa bai gama faɗawa ba, ya riga ya wuce da yawa daga cikin abokan sana'arsa, domin a wannan fage babu tallan da ya kai mai gida ya gaya wa ɗan'uwansa cewa ga wanda ya yi masa aiki bai cuce shi ba.

Inda nake ganin gyara ya fi zama tilas shi ne yadda muke kai yaro koyo. Abin da aka saba shi ne a kama hannun yaron da karatu ya gagara a kai shi gareji mafi kusa a ce wa maigidan ga ɗanka nan, daga nan babu mai sake leƙawa. Yaron zai shekara biyu yana wanke sifana da sayo abinci, ba a taɓa zaunar da shi an yi masa bayanin yadda injin yake aiki ba, idan ya gaji sai ya gudu ya kama tuƙin adaidaita sahu. A Jamus, inda ake da sana'o'i fiye da 300 da hukuma ta amince da su, ɗan koyo yana raba makonsa tsakanin wurin aiki da aji, ana biyan sa, kuma akwai rubutacciyar manhajar abin da dole a koya masa cikin shekara biyu zuwa uku da rabi. Ba sai mun je nesa haka ba ma, domin maƙwabtanmu 'yan ƙabilar Ibo da suke Sabon Gari suna ajiye yaro a shago na adadin shekarun da aka yi yarjejeniya a kai a gaban iyaye, idan wa'adi ya cika maigida ya sallame shi da jari. A Kantin Kwari ma akwai iyayen gida na kirki da suke buɗe wa yaransu shago, sai dai abin ya dogara ne ga halin mutum, babu ƙa'idar da ta ɗaure kowa.

Uban da ya yanke shawarar kai ɗansa sana'a ya kamata ya bincika maigidan kamar yadda zai bincika makaranta, ya ga ayyukan da ya yi, ya tambayi yaran da ya yaye inda suke a yau. Ya kamata a zauna da shaidu a faɗi shekarun koyo, da abin da za a koya a kowace shekara, da wanda zai ɗauki nauyin abinci da kuɗin mota da magani idan aka ji rauni. Ya kamata yaron ya gama sakandare tukuna, ko ya haɗa biyun, safiya a makaranta yamma a wurin aiki, sannan a yi masa rajistar gwajin sana'a kafin a yaye shi. Daga ranar da aka kai shi kuma sai a fara tara kuɗin kayan aiki kamar yadda ake tara kuɗin makaranta, domin mai solar da aka yaye ba shi da mitar awon wuta da injin huda bango da tsani, ko mai tayil da ba shi da injin yanka da ma'aunin ruwa, dole ya koma ƙarƙashin wani yana karɓar kuɗin yini, alhali kuɗin aikin gaba ɗaya yana shiga aljihun mai kayan.